Motsa Jiki Maganin Damuwa

Babu yaron da bai san baƙin ciki ba. In akuyarka ta ɓata, ko ka faɗi jarrabawa, ko abokinka ya ƙaura wani gari, lalle ranka zai ɓaci. Amma bayan kwana biyu ko uku sai ka ware, ka koma wasa. Wannan ba ciwo ba ne.

Akwai wani irin baƙin ciki kuwa wanda ba ya wucewa da wuri. Sai yaro ya yi mako biyu ko fiye ransa a dagule. Abinci ba ya yi masa daɗi, barci ba ya zuwa sosai, karatu ba ya shiga, wasan da ya fi so ma ya fita daga ransa. Likitoci suna kiran wannan ciwon damuwa. Yana da ɗan'uwa, shi ne ciwon fargaba, inda gaban yaro zai riƙa faɗuwa, tafin hannunsa yana gumi, yana ta tsoron abin da bai auku ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata larura ta tunani, waɗannan biyu kuwa suna cikin waɗanda suka fi yawa. Ba lalaci ba ne, ba kuma hauka ba ne. Ciwo ne kamar sauran ciwo, yana kuwa da magani.

Wata rana na je rangadi wata makarantar ƙauye. Da aka tashi tara, yara suka watsu a fili, waɗansu na langa, waɗansu na ƙwallo, sai na hangi wani yaro zaune shi kaɗai a gindin darbejiya, ya haɗa kai da gwiwa. Malaminsa ya gaya mini dā shi ne gwanin lissafi a aji, amma tun da uwarsa ta rasu, wata huɗu ke nan, ba ya magana da kowa. Ubansa ya riga ya kai shi asibiti, an duba shi, an kuma ce a riƙa jawo shi cikin wasa.

Malamin nan ya yi hikima. Bai ce masa, “Tashi ka yi gudu!” ba, don ya san ba zai tashi ba. Sai ya ce, “Zo ka taya ni ban ruwa a lambun makaranta, hannuna yana ciwo.” Kullum da safe suka riƙa ɗebo ruwa daga rijiya, sahu biyar ko shida. Bayan 'yan makonni aka rasa mai tsaron gida a wajen ƙwallo, aka roƙe shi ya tsaya. Da na komo bayan wata uku, na tarad da shi yana gardama a kan ko ƙwallo ta shiga ko ba ta shiga ba. Ban taɓa jin daɗin gardamar yara kamar ran nan ba.

To, me ƙafa ta haɗa da baƙin ciki? In kana gudu, zuciyarka tana ƙara sauri, numfashi yana ƙaruwa, jini yana zagawa da ƙarfi. Sa'an nan jiki da ƙwaƙwalwa sukan saki waɗansu sinadarai masu rage zafin ciwo, masu sa mutum ya ji ransa ya yi sanyi. Ɗaya daga cikinsu sunansa endofin. Masana ba su gano shi ba sai a shekarun 1970. Har wa yau, jikin da ya gaji da rana yakan yi barci mai nauyi da dare, yaro mai shekara 6 zuwa 12 kuwa yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Wanda ya ƙoshi da barci ya fi iya ɗaukar abin da ya dame shi. Ban da haka, mai langa ba shi da sararin tunani, don in hankalinsa ya rabu biyu sai a ka da shi. Mai fargaba kuma, in ya saba jin zuciyarsa tana bugawa don gudu, a hankali sai ya daina razana da bugunta.

An gwada wannan magana, ba zato ba ne. A shekarar 1999, masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka ba da labarin gwajin da suka yi da manya 156 masu ciwon damuwa. Waɗansu aka ba su ƙwaya, waɗansu aka sa su motsa jiki sau uku a mako, waɗansu kuma aka haɗa musu duka biyu. Bayan mako 16, sauƙin da kowane kashi ya samu kusan ɗaya ne. Daga baya an yi gwaje-gwaje da yara da matasa a ƙasashe dabam dabam, aka ga su ma yana rage musu ciwon.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya kamata ya motsa jiki minti 60 kowace rana, irin motsin da zai sa numfashi ya ƙaru. Ba dole a yi shi a zama ɗaya ba. Tafiya makaranta da sauri tana ciki, hawan keke da kokawa da tsallen igiya da gaɗa duk suna ciki. A shekarar 2019 Hukumar ta bayyana cewa a cikin yaran duniya 100 masu shekara 11 zuwa 17, wajen 81 ba su cika wannan awa, 'yan mata kuma su aka fi bari a baya. Ni dai ban ga dalilin da zai sa samari su cinye filin makaranta duka ba.

Wahalar ita ce ciwon nan shi da kansa yake kashe sha'awar motsi. Saboda haka mai shi ya fara da kaɗan, ko tafiyar minti goma ce, abokansa kuma su je su kira shi, in ya ƙi yau su komo gobe, kada su yi masa ba'a. In kuwa abin ya yi tsanani, har yaro ya daina cin abinci, ko yana cewa ya gaji da duniya, to, wasa kaɗai bai isa ba. A gaya wa iyayensa ko malami nan da nan, a kai shi ga likita.

Gobe kafin a tashi tara, kowa ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, gefen babban yatsa, ya ƙirga bugun jini na minti ɗaya, ya rubuta. Sa'an nan ku zaga fili sau biyu da gudu, ku sake ƙirgawa, ku kawo wa malam lissafin.