Shugaba Nagari Yakan Ja Rawani Kafin Wani Ya Fāɗi

Karatu: Maimaitawar Shari'a 22:8

Ya kai mai karatu, ko akwai wanda yake aiki a ƙarƙashinka? Ko da yaro ɗaya ne mai taya ka jan koma, ko leburori uku a gona, kai shugaba ne, wannan darasi kuwa naka ne.

A ƙasar Isra'ila ta dā, mutane sukan hau kan soro su sha iska, su shanya amfanin gona. Saboda haka dokar Musa ta umarci mai gina sabon gida ya ja rawani kewaye da kan soron, don kada wani ya fāɗo, alhakin jininsa ya hau kan gidan. Ka lura da abu biyu. Na fari, a kan maigida aka ɗora nauyin, ba a kan baƙon da ya hau ba. Na biyu, tun lokacin gini ake jan rawanin, ba bayan an yi jana'iza ba.

Bari mu kawo wannan gida. A Rusairis, an gama madatsar ruwa a kan Shuɗin Nilu a 1966, aka kuma ƙara mata tsawon mita 10, aikin da aka kammala a 2013. Tafkin ya ƙara fāɗi, masunta suna nisa da gaɓa. A dā, daga Yuli zuwa Satumba ruwan duwatsun Habasha yakan sauko da ƙarfi, ɗauke da laka da itatuwa. Wa yake yanke shawarar fita a irin wannan rana? Mai kwale-kwale ne. Shi ya san katakon da ya fara yoyo, shi ne kuma zai iya cewa, "Kaya sun isa haka." Yaron da yake neman abincin yini ba zai iya faɗin wannan ba, gama yana tsoron a sallame shi.

Haka yake a gonakin Jazira, inda Hausawa suka daɗe suna aikin auduga bayan da aka gama madatsar Sinnar a 1925. Maganin feshi ba ta baki kaɗai yake shiga jiki ba, yakan bi ta fata da numfashi. Ruwan magudana kuma yana ɗauke da cutar tsargiya. In mai gona ya dama magani da hannu tsirara, wane lebura ne zai nemi safar hannu? Inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya take sha.

To, me shugaba zai yi?

1. Ka fara da kanka. Ka sa takunkumi da safar hannu kafin ka umarci wani. Idon ma'aikaci ya fi kunnensa saurin koyo.

2. Ka ba ƙarami bakin magana. Wanda ya ce igiya ta ruɓe, ka gode masa a gaban jama'a. In ka tsawata masa yau, gobe zai gani ya yi shiru.

3. Ka yi bincike a kan hatsarin da ya kusa faruwa. Jirgi ya tangaɗa amma bai kife ba? Ku zauna da yamma ku tambayi dalili, ba domin neman mai laifi ba, sai domin gyara.

4. Ka yarda ka yi asarar yini ɗaya. Kifin yau ana iya kama shi gobe, amma ɗan mutum in ya nutse ba ya dawowa.

A 2022 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa lafiya da kariya a wurin aiki cikin manyan hakkokin ma'aikaci. Wannan abu ne mai kyau. Amma doka tana kan takarda, kai kuwa kana bakin ruwa. Uwar da ta sallami ɗanta da asuba, amanarsa ta danƙa a hannunka.

Tambayoyi domin tunani:
Wane wuri ne a aikinka ba shi da rawani har yanzu?
Yaushe ne rabon da wani na ƙasa da kai ya gargaɗe ka, ka kuwa saurare shi?

Abin yi a wannan mako: Ka tara masu yi maka aiki, ka tambaye su abin da suka fi jin tsoro a aikin. Ka gyara abu ɗaya kafin mako ya ƙare.