Yadda Ake Ƙalubalantar Bashin da Ba a Tabbatar Ba a Rahoton Tarihin Bashi a Amurka

A Amurka, manyan kamfanoni uku, wato Equifax da Experian da TransUnion, su ke tattara tarihin yadda mutum yake cin bashi da yadda yake biya, kuma da rahotonsu ne bankuna da masu gidajen haya suke auna amanarsa kafin su ƙulla hulɗa da shi. Idan bashi ya daɗe ba a biya ba, mai shi na asali kan miƙa shi ko ya sayar da shi ga kamfanin karɓar bashi, kuma a wajen wannan sauyin hannu ne takardu kan salwanta, adadi ya ƙaru, ko a ɗora wa mutum bashin takwaransa. Dokoki biyu na tarayya suka tanadi kariya a nan: FCRA ta 1970, wadda ta shafi sahihancin rahoto, da FDCPA ta 1977, wadda ta taka wa masu karɓar bashi birki.

Matakin farko shi ne karɓo rahoton kamfanonin uku kyauta ta shafin AnnualCreditReport.com, domin abin da ya fito a ɗaya ba lallai ne ya fito a sauran ba. Ana duba sunan mai bashin asali da adadin kuɗin, sannan a lura sosai da ranar da aka fara saɓa biya, saboda daga wannan rana ake lissafin wa'adin shekara bakwai da kwana 180 da bashin zai iya zama a rahoto, kuma sayar da shi ga wani kamfani ba ya sabunta wa'adin.

Mataki na biyu shi ne neman hujja daga kamfanin karɓar bashi. Doka ta wajabta masa bayar da sanarwar bayanin bashin a tuntuɓar farko ko cikin kwana 5 bayanta, kuma wanda ake bi yana da kwana 30 daga samun sanarwar da zai musanta a rubuce. Da zarar ya yi haka, wajibi ne kamfanin ya dakatar da nema har sai ya aiko da tabbaci. Ana aika wasiƙar ta gidan waya da rajista mai dawo da shaidar karɓa, kuma ya kamata a guji biyan ko da dala ɗaya ko amsa bashin ta waya, domin a wasu jihohi hakan na farfaɗo da damar kai ƙara kan bashin da lokacinsa ya wuce.

Mataki na uku shi ne kai koke ga kowane kamfanin rahoto da ya wallafa bashin, a fayyace lambar asusun da dalilin musantawa, a haɗa da kwafin takardu, na asali kuwa su zauna a gida. Kamfanin yana da kwana 30 na bincike, wanda kan kai 45 idan mai koke ya ƙara wasu bayanai a tsakani, kuma duk abin da aka tarar kuskure ne ko aka kasa tabbatarwa dole a gyara shi ko a goge. Ana sanar da sakamako cikin ranakun aiki 5 bayan kammalawa, kuma ba a mayar da abin da aka goge sai mai bayar da bayanin ya shaida ingancinsa, an kuma sanar da mai koke a rubuce.

Idan aka ce an tabbatar da bashin alhali mutum yana kan bakansa, yana da ikon neman bayanin yadda aka yi binciken, da sanya gajeriyar sanarwa a rahotonsa, da kai ƙorafi ga hukumar CFPB mai kare masu hulɗar kuɗi ko ga babban lauyan jiharsa, ko kuma ya garzaya kotu, inda dokar FCRA ta tanadi diyyar dala 100 zuwa 1,000 idan saɓawar da gangan ce. Wannan hanya ba ta kuɓutar da kowa daga bashin gaskiya, wanda biyansa haƙƙi ne. Manufarta ita ce mai da'awa ya kawo shaida kafin a ɓata sunan wani, kuma wanda ya kiyaye wa'adi ya adana kowace takarda shi ne yake cin moriyarta.