Hausa a Fagen Fasaha: Sabunta Injin Land Rover da Ɗora Kiranshaf

1.0 Gabatarwa

Ana auna ƙarfin harshe ne da irin nauyin da yake iya ɗauka. Harshen da ya iya waƙa da tatsuniya amma ya kasa bayyana yadda ake haɗa inji, to da sauransa. Malamin Hausa kuwa zai tarar da 'ya'yan makanikai a ajinsa, da yaran da ke zarcewa gareji bayan an tashi makaranta, kuma daga bayaninsa ne za su gane ko harshensu na iya ɗaukar ilmin zamani. Saboda haka, a wannan darasi za a yi bayanin yadda ake sabunta injin fetur na tsohuwar motar Land Rover, tare da mayar da hankali kan ɗora kiranshaf, sannan a dubi kalmomin da aka yi aikin da su.

1.1 Taƙaitaccen Tarihin Injin

An fara ƙera Land Rover a garin Solihull na ƙasar Ingila a shekarar 1948. Mota ce da injinta ke iya juya ƙafafu huɗu gaba ɗaya, shi ya sa take ratsa yashi da taɓo. Wannan ne ya sa ma'aikatan gwamnati da 'yan sanda suka dogara da ita a ƙasashen Afirka da dama, har da Nijeriya, a zamanin da hanyoyin kwalta ba su yawaita ba.

A shekarar 1958 aka fito da samfurin Series II tare da injin fetur mai silinda huɗu, wanda girmansa ya kai lita 2.25. Injin ya ci gaba da aiki a Series IIA na 1961 da Series III na 1971, wanda aka daina ƙerawa a 1985. Da farko kiranshaf ɗinsa yana kwance ne a kan mazaunai uku, sai a 1980 aka mayar da su biyar domin ƙarin ƙarfi. A nan za a fi yin magana a kan mai mazaunai uku.

1.2 Matsayin Kiranshaf a Cikin Inji

Kiranshaf wani dogon ƙarfe ne mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke kwance a ƙasan bulok, wato gangar jikin injin. Fistin yana hawa da sauka a cikin silinda cikin matakai huɗu: shaƙar iska da fetur, matse su, ƙonewa, da fitar da hayaƙi. Wani hannun ƙarfe da makanikai ke kira kwanrod shi ne ke haɗa fistin da kiranshaf, shi kuma kiranshaf ya mayar da hawa da saukar nan zuwa juyi. Juyin ne ke bi ta kuloci da giya har ya isa ƙafafun mota. A wannan inji, silindojin suna kama wuta bi da bi a tsarin 1-3-4-2.

Kiranshaf ba ya gugar bulok kai tsaye. Tsakaninsu akwai wasu ɓawon ƙarfe masu siffar rabin zobe da ake kira metal, kuma tsakanin metal da kiranshaf akwai 'yar tazara da ba ta kai kaurin gashin kai ba. Baƙin mai ne ke cike wannan tazara, ta yadda ƙarfen zai riƙa juyawa a kan mai. Idan tazarar ta yi yawa, mai ya tsere, ƙarfinsa ya faɗi. Idan ta yi kaɗan, ƙarfe ya ci ƙarfe, ya yi zafi ya cije. Ke nan rayuwar injin gaba ɗaya ta rataya ne a kan tazarar da ido ba ya gani sosai.

1.3 Sauke Inji da Aunawa

Alamomin da ke nuna inji ya gaji sun haɗa da shuɗin hayaƙi, da yawan shan baƙin mai, da kamawar fitilar mai idan inji ya yi zafi, da kuma wata ƙara mai nauyi daga ƙasan inji. Idan aka ga haka, sai a sauke inji a kwance shi. Kafin a cire kowane murfin mazauni, dole a yi masa alamar lamba da ta fuskar da yake kallo, domin a masana'anta an huda bulok ne da murafensa a ɗaure, don haka kowane murfi gurbinsa ɗaya ne tak.

Bayan wankewa sai awo. Kaurin wuyan kiranshaf a mazauninsa, idan yana sabo, milimita 63.5 ne. Ana auna shi ta fuskoki daban-daban, saboda wuyan da ya cinye yakan tashi daga da'ira ya koma siffar ƙwai. Idan ya cinye ko ya yi zane, sai a kai shi wurin masu injin gurza ƙarfe su rage shi da milimita 0.25 ko 0.50, sannan a sayo metal mai ƙarin kauri daidai da abin da aka rage. Haka kuma ana duba silindoji, a sake zoben fistin, a kuma wanke ramukan da mai ke bi a cikin bulok da kiranshaf, a busa musu iska.

1.4 Ɗora Kiranshaf

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma ana bin sa daki-daki kamar haka:

(a) A kife bulok a wuri mai tsabta da ƙura ba ta shiga. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta zane sabon metal.

(b) A sanya rabin metal na farko a mazaunan bulok, bayansa a bushe ba mai. Ɗan harshen da ke gefensa ya faɗa cikin gurbinsa, ramin mai kuma ya dace da na bulok. In ramin ya toshe, mazaunin zai juya ba mai.

(c) A gwada tazara. Ana ɗora kiranshaf a bushe, a shimfiɗa wani siririn zaren roba na awo a kan wuyansa, a ɗaure murfi ba tare da an juya ƙarfen ba, sannan a kwance. Faɗin da zaren ya baje shi ke nuna girman tazarar, sai a kwatanta da abin da littafin kamfani ya ƙayyade.

(d) A ɗaga kiranshaf, a shafe metal da baƙin mai mai tsabta. A saka robar hana yoyon mai ta baya, wadda a wannan inji tsagaggiya ce, tsagar tana kallon saman inji. Daga nan a saukar da kiranshaf a hankali, mutum biyu suna riƙe da shi.

(e) A zura wasoshin tare motsi guda biyu a gefunan mazauni na tsakiya, fuskar da ke da tsagin mai tana kallon waje, wato wajen kiranshaf. Su ne ke tare shi duk lokacin da direba ya taka kuloci.

(f) A mayar da murafe bisa alamominsu. Murfin baya yana da wasu matosai biyu a gefensa masu siffar harafin T, waɗanda in suka yage injin zai yi ta ɗigar da mai.

(g) A ɗaure kusoshi da sufana mai awon ƙarfi, sannu-sannu, daga tsakiya zuwa waje, har a kai fam-ƙafa 85. Bayan ɗaure kowane murfi a juya kiranshaf da hannu. Idan ya cije, murfin da aka ɗaure yanzu shi ne mai laifi, kuma ba a wucewa sai an gano dalili.

(h) A auna motsin gaba da baya, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin milimita 0.05 da 0.15. In ya zarce, a sauya wasoshin da masu kauri.

Bayan wannan sai a saka fistin da kwanrod, a daidaita sarƙar tayimin bisa alamominta, a ɗora kan silinda a kan sabon gaskit, a saita tazarar bawul a milimita 0.25. Kafin a tayar da inji, a cire fulogogi a juya shi da sitata har fitilar mai ta mutu. Gaggawa a wannan gaɓa kan jawo asarar aikin makonni cikin 'yan mintoci.

1.5 Abin Lura ga Malamin Harshe

Ɗalibi zai lura cewa kalmomin wannan sana'a sun zo ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce aro tare da kwaskwarima: sautin /p/ na Ingilishi ya koma /f/ a fistin da fulogi, /v/ ya koma /b/ a bawul, an kuma raba baƙaƙen da suka zo a jere da wasali, kamar a sufana da bulok. Ta biyu ita ce faɗaɗa ma'anar kalmomin gida, irin su zobe, wuya, harshe da murfi. Ta uku ita ce siffantawa, kamar robar hana yoyon mai. Bugu da ƙari, makanikai kan ba inji halin mai rai, su ce ya gaji, yana shan mai, ko ya buga. Ta fuskar nahawu kuwa, rubutun bayanin aiki yana dogara ne da lamirin boye mai aiki, wato a, an, ana, da kalmomin jeranta matakai irin su sannan, daga nan, bayan haka. Sauya jerin mataki ɗaya a takarda yana iya zama sanadin lalacewar inji a gareji, don haka wajibi ne malami ya horar da ɗalibansa kan kiyaye tsari.

1.6 Kammalawa

An ga tarihin injin, da aikin kiranshaf, da matakan ɗora shi, an kuma ga cewa aikin ya tsaya ne a kan tsabta da awo da bin tsari. Waɗannan ukun su ne ake buƙata ga mai rubutun bayani: kalma mai ma'ana ɗaya, adadi sahihi, da jerin da ba ya rikita mai karatu.

1.7 Tambayoyi

1. Me ya sa ake yi wa murafen mazaunai alama kafin a cire su?
2. Bayyana illar yawan tazara da ƙarancinta tsakanin metal da kiranshaf.
3. Kawo kalmomin aro biyar daga darasin, ka nuna sauye-sauyen sauti da suka samu.
4. Ziyarci gareji mafi kusa da kai, ka tattaro kalmomi ashirin na kanikanci, ka kasa su bisa hanyoyi ukun da aka ambata.
5. Tsara darasin minti 40 ga 'yan ƙaramar sakandare kan rubutun bayanin aiki.