Kaset ko Memori? Ingancin Ɗaukar Sauti da Hoto a Nazarin Waƙoƙin Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru

Gabatarwa

Duk ɗalibin da aka taɓa ba aikin rubuta waƙar baka daga kaset ya san wahalar mayar da ɗiya ɗaya baya har sau goma don neman kalma guda. Saboda haka tambayar ko ɗaukar analog ce ta fi inganci ko ta dijital, ba ta masu gyaran rediyo kaɗai ba ce, ta shafi manazarcin adabi kai tsaye. Wannan maƙala za ta dubi tambayar ne ta kan makaɗan fada biyu na yammacin Zamfara. Na farko shi ne Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a ƙasar Bakura, aka fi saninsa da Maradun, ya kuma rasu a 1991. Na biyu shi ne Sa'idu Faru, mutumin Faru ta ƙasar Maradun, wanda ya yi wa Muhammadu Macciɗo waƙoƙi tun yana Sarkin Kudu a Talata Mafara, kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Dukkansu makaɗan kotso ne, kuma abin da ya rage na muryoyinsu an ɗauke shi ne ta hanyar analog, alhali kuwa yawancin masu saurarensu a yau ta waya suke jin su.

Bambancin hanyoyin biyu

Sauti girgizar iska ce. A ɗaukar analog, na'ura tana bin sawun wannan girgiza ta zana kamanninta a kan wani abu: ko dai tsagi a jikin faifan garmaho, ko kuwa maganaɗisu a jikin zaren kaset. A ɗaukar dijital kuwa auna girgizar ake yi a kai a kai, a rubuta sakamakon da lambobi. Faifan CD, wanda ya fito a 1982, yana ɗauke da awo 44,100 a kowace daƙiƙa, abin da ya isa ya kama duk sautin da kunnen ɗan'adam ke ji. Tazarar da ke tsakanin sauti mafi rauni da mafi ƙarfi da zai iya riƙewa ta kai desibel 96, kaset na gama-gari kuwa bai cika wuce 60 ba, sauran duk huci ne irin na zare.

Sai dai analog ɗin ma suna suka tara. Babban zaren da gidajen rediyo irin Rediyon Kaduna suka yi aiki da shi yana gudun santimita 19 ko 38 a daƙiƙa. Ƙaramin kaset da kamfanin Philips ya fito da shi a 1963 kuwa santimita 4.76 yake yi. Gwargwadon saurin zare, gwargwadon kyan ɗauka. Watau wanda ya ji Ɗanƙwairo a kaset ɗin kasuwa ya ce ya san iyakar analog, ya yi wa babban zaren rashin adalci.

Abin da kunnen manazarci ke nema

A nan ne maganar take da nauyi. Waɗannan makaɗa da Hausar yamma suke waƙa. Suna cewa hwaɗa inda Bakano zai ce faɗa, biyat a maimakon biyar, yaz zo da tat tahi a maimakon ya zo da ta tafi. Baƙaƙe irin su s da sh da ts, da t ta ƙarshen kalma, ana rarrabe su ne da siririn sauti na can sama, kuma shi ne farkon abin da kaset ke zubarwa idan ya tsufa, ko kan rikoda ya yi datti. Da zarar wannan ya tafi, kunnen mai rubutu yakan cike gurbin da karin harshen da ya saba da shi. Ta haka ne waƙar Bazamfare take komawa Kananci a takarda ba da niyyar kowa ba, daga nan kuma wani ya ɗauki wannan rubutu ya gina nazarin karin harshe a kansa.

Babbar illar analog ita ce kwafi. Kowane kwafi yana ƙara huci, yana rage kaifi, kuma kaset ɗin da ya isa kasuwar Talata Mafara mai yiwuwa jika ne ko tattaɓa-kunnen na asali. Ga kuma batun gudu. Rikodar da batirinta ya yi sanyi tana jan zare a hankali. In aka yi ɗauka da ita, sa'an nan aka saurara a lafiyayya, murya sai ta ƙara tsini, kiɗa ya ƙara sauri. Ɗanƙwairo dama mai siririyar murya ne, don haka mai nazarin karin sauti ko amon kotso, wanda tashinsa da saukarsa ke bin matsa igiyoyinsa, yana iya auna laifin batir ya ɗora wa makaɗi.

Dijital ba ta da wannan cuta: kwafi na dubu daidai yake da na farko, muddin lambobin aka kwafa yadda suke. Amma abin da ke yawo a memorin waya ba shi ne wannan ba. MP3 matsattsen sauti ne. A ma'aunin da aka fi amfani da shi, yana riƙe kusan kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya ne na lambobin CD, yana yar da sautin da aka ƙaddara wani mai ƙarfi ya danne shi. Ga waƙar fada wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin jagora bai rufe baki ba 'yan amshi suke karɓewa, kotso kuma yana tafiya a ƙarƙashinsu. Kalmar da jagora ya jefa a daidai wannan gaɓa ita ce ake nema, ita ce kuma matsi ya fi cutarwa. Idan aka sake matsa matsattsen, kamar yadda ke faruwa wajen tura bidiyo ta WhatsApp, to, an koma gidan jiya na kwafin kaset.

Akwai masu cewa tsohon kaset ya fi daɗin ji. Ba a musu da ɗanɗano, amma wannan taushi da suke so, rabinsa ɓacewar siririn sauti ce. Daɗi daban, amana daban.

Hoto

Haka abin yake ga hoto, sai dai a taƙaice. Kaset ɗin VHS, wanda ya fito a 1976, da shi aka ɗauki bukukuwan naɗin sarauta da hawan salla masu yawa, amma yana da rauni wajen launi: ja yakan malala, aikin alkyabba ya cuɗe, yatsun makaɗi su zama inuwa. Faifan VCD da ya gaje shi dijital ne, amma ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye kawai yake da su, bai ɗara VHS da wani abin kirki ba. Fim na milimita 16, wanda analog ne kuma ya girme su duka, ya fi su fito da daki-daki. Ashe kalmar dijital ita kaɗai ba shaidar inganci ba ce.

Ajiya

Hanyoyin biyu ba mutuwa iri ɗaya suke yi ba. Zafi da ƙurar hunturu da laimar damina suna cin zare sannu a hankali, amma ko ya tsinke ana liƙa shi a ji saura. Memori kuwa rana ɗaya yake ƙin buɗewa, waƙa ɗari ta tafi tare. Ƙungiyar ma'ajiyoyin sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar a juye tsohon zare da awo 48,000 a daƙiƙa ko fiye, ba tare da matsi ba, a kuma adana na asalin. Dalili shi ne juyewa ba ta mayar da abin da ya riga ya ɓace. Iyakarta ta tsayar da ɓarnar a inda ta same ta, kuma wata na'ura ta gaba tana iya tsamo abin da ta yau ta kasa. Saboda haka kaset ɗin da ke cikin adakar wani dattijo a Bakura ko Maradun, in ya fi kusa da ɗaukar asali, ya fi duk abin da ke intanet daraja ga mai nazari. Ɗalibin da ya rubuta waƙa kuma ya kamata ya faɗi daga wane kwafi ya ji ta, ya sa alama a duk kalmar da ya cike da zato.