Barkono da Bulala Ba Sa Mai da Kare Maigadi

Wata Asabar da hantsi wani Alhaji ya shigo asibitinmu, samari biyu suna janye da kare a bayansa, an ɗaure masa baki da igiyar shanya. Alseshan ne, bai cika shekara biyu ba. Tun kafin ya zauna ya ce, "Likita, duba mini karen nan, ina jin haukacewa ya yi. Jiya da magariba ya cafki 'yar autata a cinya, ita da take ba shi abinci tun yana kwikwiyo."

Na fara tambayar yarinyar, ya ce tana asibiti. Na karɓi katin rigakafin karen, na ga allurarsa ba ta wuce lokaci ba. Sai na juya kan dabbar. Gashin wuyansa ya zube zagaye, daidai inda sarƙa take ci. A haƙarƙarinsa ga shatin bulala, wani ya warke, wani ɗanye. Na ɗaga hannu zan gyara tabarau, sai ya lafe ƙasa, ya cusa jela tsakanin ƙafafu, ya saki fitsari.

Na ce, "Alhaji, ina aka kai shi kwanan nan?"

Ya ce, "Horo. Sati shida ya yi wajen wani yaro da aka ce ya ƙware. Ya ce kada in leƙa, wai in ya gan ni horon zai karye."

Wannan labari na ji shi har na haddace. Sunan unguwa da irin karen ne kawai suke canzawa. Tun da matsalar tsaro ta sa mutanenmu suka fara ajiye manyan karnuka a gidaje, masu kiran kansu masu horar da kare suka yi yawa kamar jamfa a Jos. Likitan dabbobi sai ya yi shekaru a jami'a, sannan hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa ta yi masa rajista, kafin ya taɓa dabbar wani. Shi kuwa mai horo, kati kawai zai buga, ya ɗauki hoto da ƙaton kare a gefensa, ya shiga gari.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne camfin da suke sayar wa mutane. Wai in kana son kare ya yi zafi, ka kulle shi a ɗaki mai duhu kada ya ga kowa, ka zuba masa barkono a abinci, ka busa masa hayaƙin wiwi ko ka dafa masa ita a wake, wasu har tiramol suke daka masa. Duk zancen kanzon kurege ne. Barkono gudawa yake sa shi. Karen da ya ci wiwi tangaɗi yake yi, fitsari na ɗiga, ga kasala, ƙaramin motsi ya firgita shi. Tiramol in ya yi yawa amai da jijjiga yake kawowa, har da ajali. A cikin waɗannan wanne ne aikin gadi? Wa zai ɗauki maigadi mutum, ya ba shi ƙwaya, ya kulle shi a duhu wata biyu, sannan ya ce ya tsare masa iyali?

Abin da mai gida yake gani ya ɗauka jarumta ce, tsoro ne tsagwaronsa. Karen da bai taɓa ganin yaro yana gudu ba, bai san ƙarar babur ba, bai san mace mai hijabi ko tsoho mai sanda ba, duk abin da ya gani sabo ne, sabon abu kuma barazana ne a wurinsa. Ba ya tantance ɓarawo da mai tallan nono. Ɓarawo kuwa ba kullum yake zuwa ba. Waɗanda suke gittawa ta gabansa safe da yamma 'ya'yanka ne, da almajirin gidanka, da mai wanki. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ɗaurin sarƙa ma haka yake: wani bincike da aka buga a 1994 kan karnukan birnin Denver na Amurka ya nuna waɗanda ake ɗaurewa a tsakar gida sun fi saura cizo kusan ninki uku. Dabbar da ba ta da hanyar gudu, haƙori kaɗai ya rage mata.

Sai masu ɗan boko a cikinsu, waɗanda za su ce maka kare jikan kyarkeci ne, dole ka danne shi ƙasa ka shaƙe shi ya san kai ne shugaban garke. Wannan magana tana da asali, amma masu ita sun daɗe da barinta. Ta samo tushe daga nazarin da Rudolph Schenkel ya buga a 1947 kan kyarketan da aka tara a gidan namun daji na Basel, baƙin juna da aka cusa wuri guda, dole su yi ta faɗa. Wani masanin kyarketai, David Mech, ya yaɗa ta a littafinsa na 1970. Shi da kansa, bayan ya shafe shekaru yana kallon kyarketai a dajinsu na arewacin Kanada, ya rubuta a 1999 cewa garken iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'ya. Mai magana ya janye maganarsa fiye da shekara 20 da suka wuce, mu a nan ana karɓar kuɗin mutane da ita. Abin wuyan nan mai jan lantarki da suke alfahari da shi, yankin Wales na Birtaniya ya haramta shi tun 2010. A 2021 ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka ta fitar da matsaya cewa horo da lada shi ne hanya, ban da duka da tsoratarwa.

Ba ma sai an je Turai ba. Dubi karen mafarauci a ƙauye: da fito ake kiransa, ya tsaya, ya bi sawu, ya dawo. Dubi karen Azawak na Buzaye a Nijar da Mali, yana kwana tsakanin yara da awaki, amma baƙo bai isa ya kusanci tanti da dare ba a ji ba. Ba wanda ya ba su barkono. Zama da mutane ne ya koya musu waye na gida.

Yanzu ga gargaɗin da nake so a riƙe ko da an manta da sauran. Kada ka yarda a daki kare saboda ya yi gurnani. Gurnani shi ne sallamarsa. Kafin kare ya yi cizo yakan kau da kai, ya lashe hanci, ya sandare, ya yi gurnani, ya yage leɓe. Duk wannan cewa yake yi, a matsa mini. Mai bulala yana dukansa duk lokacin da ya yi gurnani har ya daina, sai ya kawo maka shi ya ce ya gyaru. Tsoron yana nan daram, sanarwar kawai aka kashe. Ranar da yarinya za ta miƙa hannu kan kwanon abincinsa, ba gurnani, ba haushi, sai dai ihu. Shi ya sa kusan kowane mai irin wannan kare yake rantse mini cewa ba gaira ba dalili ya yi cizon. Akwai dalili, an dai toshe bakin da zai faɗa ne. In karenka ya yi wa wani na gida gurnani, janye mutumin, ka lura da abin da ya jawo, ka nemi likita. Sau da yawa ciwon kunne ne, ko haƙori, ko gaɓa.

To wa za ka ba horo? Kafin ka biya ko kwabo, ka je ka kalle shi yana aiki da karen wani. Kada ka saurari bakinsa, ka dubi karen. In yana zuwa wurinsa jiki a sake, jela na kaɗawa, alama ce mai kyau. In yana rarrafe yana satar kallon hannunsa, ka yi sallama. Ka tambaye shi, in kare ya yi daidai me kake yi, in ya yi kuskure me kake yi? Amsar farko ta zama lada nan take, guntun dafaffen nama ko hanta, ba tsire mai yaji da albasa ba, don albasa tana lalata jinin kare. Amsa ta biyu ta zama hana ladan da sake gwadawa. Wanda ya ce cikin sati biyu zai mai da kwikwiyonka zaki, ko ya ce yana da sirrin da ba ya faɗa, ko bai tambaye ka katin rigakafi ba, ba naka ba ne. Wanda ya hana ka zuwa inda karen yake kuwa, akwai abin da ba ya so ka gani.

Horon kirki a gidanka ake yinsa, kana tsaye, maigadinka yana tsaye, da duk wanda zai riƙa ba shi abinci. Minti 5 zuwa 10, sau biyu ko uku a rana, ya wadatar. Rabin aikin ma ku ake koya wa. Kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: daga sati 3 zuwa wajen 12 na rayuwar kwikwiyo ne yake sabawa da duniya, don haka kada a raba shi da uwarsa kafin sati 8, bayan nan a nuna masa mutanen gida da hayaniyar gida cikin lallami. Abin da gidan talaka da na mai kuɗi suke buƙata shi ne kare mai haushi in ya ji baƙon motsi, mai yin shiru in an ce ya yi shiru, mai zuwa in an kira. Koya wa kare kama mutum aikin rundunar 'yan sanda da soja ne, su ma zaɓaɓɓun karnuka suke ɗauka. Ƙaton kare irin Boerboel yakan haura kilo 60. Ka auna wannan da nauyin ɗanka ɗan firamare.

Mu ma 'yan harkar muna da namu laifin. A garuruwanmu mai kare a ɓoye yake tambaya, don gudun a ce Alhaji wane ya koma kiwon karnuka. Hukuncin ajiye shi fagen malamai ne, a tambaye su. Amma in bawan Allah ya daure ya zo wurin waɗanda suka daɗe a harkar, sai a yi masa dariya don bai san sunan irin karensa ba, ko a ce karen gida ne, ba shi da amfani, a tura shi ya sayo na dubban ɗaruruwa. Wanda aka kunyata sau ɗaya ba ya sake tambaya. Wurin mai bulala zai tafi, don shi ne ya tarbe shi da "ranka ya daɗe". Ga asibitocin koyarwa na dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ga na gwamnatocin jihohi. A je a yi tambaya, ba abin kunya ba ne.

In kuma cizo ya riga ya faru, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya neman gashin karen a ƙona a shafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamu sun bayyana sai dai addu'a. A killace karen kwana 10 ƙarƙashin kulawar likita, kada a kashe shi a jefar.

Haka muka yi da karen Alhaji. Ya cika kwana goman lafiya lau, ba hauka ba ce. Da ya zo ɗaukarsa ya ce, "To Likita, yanzu sati nawa zai ɗauka ya dawo yadda yake da?" Na ce masa watanni ne, kuma ko ya gyaru kada a sake barinsa shi kaɗai da yaro. Ya yi shiru yana kallon karen, sannan ya ce kuɗin horon ma bai gama biya ba.