Hukuncin Ziyarar Kufan Samudawa

Alhazan Anka, Gummi da Bukkuyum kan tambaya ko ya halatta a ziyarci Hijir, wato Mada'in Salihu, kufan Samudawa da ke arewa da Madina. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya ratsa wurin a shekara ta 9 bayan Hijira, kan hanyarsa ta Tabuka. Ya hana Sahabbai shiga sai suna masu kuka. Ya sa aka zubar da ruwan da suka ɗebo daga rijiyoyin garin, ƙullin da suka kwaɓa da shi kuwa aka ba raƙuma. Don haka malamai da yawa suka halatta zuwa domin wa'aztuwa, ban da shagali. Mai ƙunso ƙasar wurin wai don tabarruki, ya sani daga muhallin azaba ya ɗebo ta.