Kafin a raba dashe, a dubi ganyen bishiya

A aikinmu na gandun daji, tambayar da ya kamata a fara yi kafin a raba dashe a ƙasar da ruwan sama ke ɗaukewa wata bakwai ko takwas ita ce: yaya ganyen bishiyar yake? Sama da kashi 90 cikin ɗari na ruwan da saiwa ke zuƙowa ta ganye yake fita, ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Itatuwanmu na gado kowanne da dabararsa ta tsuke wannan hanya. Bagaruwa ganyenta mitsi-mitsi ne, iska kaɗan ta isa ta sanyaya shi. Juya ganyen magarya ka ga bayansa, fari ne mai gashi-gashi, wanda ke hana busasshiyar iskar hunturu kwashe danshi. Aduwa in ta kaɗe, korayen rassanta da ƙayoyinta ke ci gaba da haɗa mata abinci da hasken rana. Kuka kuwa tuɓewa take yi sarai da rani, ta jira damina da ruwa a jikinta.

Wani zai ce to gawo fa, da ke yin kore shar a tsakiyar rani? Gawo saiwarsa ke nitsewa har ta taɓo ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa yake iya riƙe ganye lokacin da sauran suka kaɗe. Da damina kuma sai ya zubar, geron da ke ƙarƙashinsa ya sami rana da taki. Ke nan ganye da saiwa tare ake auna su.

Akwai kuma masu cewa itatuwan gida jinkirin girma gare su, gara darbejiya. Gaskiya ne darbejiya, wadda asalinta daga yankin Indiya take, ta yi mana rana a tituna da makarantu. Amma gona daban take. Tun daga shekarun 1980 manoman Maradi da Damagaram suka koma renon tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututturai, kuma an ƙiyasta sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Tohon da ya gaji tsohuwar saiwa ba ya jiran ban-ruwa, girmansa ma ya fi na sabon dashe sauri. Don haka masu renon dashe su ƙara gawo, aduwa da magarya a lambunansu, manomi kuma in ya zo sharar gona ya zaɓi toho mafi ƙarfi a kowane kututture ya bar shi ya tashi.